Motar Ƙarfe Bakwai da Minti Arba'in

Litinin, 6 ga Oktoba 1986, ƙarfe 4 na yamma

Beryl Kuhlmann ta kawo mini labaran gasar rubutu ta bana in yi alƙalanci, a cikin kwalin takalmi, kamar kullum. Guda ashirin da biyu. Ita ce sakatariyar bikin baje kolin amfanin gona na garinmu Wirranga tun kafin in auri Vern, kuma har yau ba ta yarda da kowa ba. Kowane labari lamba ce a kansa, ba suna. Sunayen suna cikin ambulan a liƙe a jakarta. Ranar biki ake buɗe guda ɗaya tak a gaban jama'a, ta wanda ya zo na farko, sannan a karanta labarin a lasifika. Sauran ambulan ɗin wutar gashin nama ke cinye su, labaran kuma a jera su a kan tebur kowa ya lallaɓa ya ɗauki nasa.

"Kada ki yi musu jina-jina da jan biron nan naki, Glenys," in ji ta. "Bara matar fasto ta ga abin da kika yi wa nata, sati biyu ba ta gaishe ni ba."

Na ce mata shekara tara na yi ina tace labarai a gidan jarida a Adelaide, ban taɓa kashe kowa ba. Ta ce wannan ai tun muna da ƙugu ne.

Ta ɗora takardar dokokinta a saman kwalin. Na ɗora kofin shayina a kan takardar. Shekara goma sha biyu haka muke yi.

Vern ya dawo daga wurin likita a Pirie. Ya tsaya a ƙofar kicin da hula a hannu, ya ce, "Glen, dama ina so in ce…" Na ce na sani, famfon tanki ne, na riga na kira mai gyara. Ya ce to. Rabin abincinsa ya ci.

Laraba, 8 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Na karanta goma sha uku. Kare mai aminci guda huɗu, gobarar daji biyu, fari ɗaya, da kakar wani da ta taso daga Jamus rungume da agogon bango. Lamba tara ba laifi, na wani tsohon kare ne da ya ƙi barin ƙofar gidan da aka sayar. A shekara irin ta kullum shi zai ci.

Laraba, ƙarfe 2 na rana

Lamba goma sha huɗu. Shafi biyar. A tsaye na ƙarasa shi.

Laraba, ƙarfe 5 na yamma

Na wanke labulayen falo duka. Ba su yi datti ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe

Bari in rubuta abin da ke ciki, kamar yadda zan yi wa kowane labari.

Matar wani mai kiwon tumaki ce, ba a ba ta suna ba. Tana da akwati ruwan ƙasa a ɓoye a saman rumfar askin tumaki, bayan tsofaffin buhunan ulu. A ciki akwai shuɗiyar riga, baƙin takalmi, wasiƙa ɗaya, da jadawalin motar Adelaide. Shekara goma sha ɗaya yana wurin. Duk Juma'a in mijin ya tafi kasuwar dabbobi, takan hau tsani ta zauna kusa da akwatin na minti goma, ta ɗora hannu a kai, ba ta buɗewa. Sannan ta sauko ta ɗora tukunya.

A ƙarshe ta tafi. Mijin ne ya buɗe mata ƙofar shinge, ya jira ta wuce, ya mayar ya rufe don kada tumaki su fita.

Rubutun ba ado. Jimlolin gajeru ne, kamar mai su dutse yake ɗagawa da kowace kalma. Waƙafi a inda bai kamata ba. Ban taɓa samun kamarsa a kwalin Beryl ba.

Zan faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita ba. Akwatin nawa ne. Ban taɓa gaya wa wani mahaluƙi ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

Vern ya tafi kasuwa. Ban hau ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe 3 na rana

A coci na yi ta kallon ƙeyar mutane ina gwada wa kowa. Masu askin da ke zuwa kowace shekara ba sa hawa sama, ba su da lokacin. Kerrin, 'yarmu, tana can Melbourne, kuma da ita ce da ta bugo waya ta yi mini tsawa, ba labari za ta rubuta ba. Saura Noelene, ƙanwar Vern. Ita ke taya ni girki lokacin aski, kuma idonta ba ya barin komai ya wuce.

Abin da ba zan iya yi wa kowa bayani ba shi ne, Vern bai yi mini komai ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, balle hannu. A 1975 tsohon editana ya aiko wasiƙa, wai akwai kujera a teburin tace labarai in ina so. Na haɗa kaya da safe. Da rana aka kira ni wata tunkiya ta kasa haihuwa. Washegari kuma wani abin. Ban amsa wasiƙar ba, ban kuma kwance akwatin ba. Iyakar labarin ke nan. Da wani ɗan rahoto ne ya kawo mini shi, da na mayar masa na ce ba labari a ciki.

Ina da kanta guda cike da tsofaffin gajerun labarai a kan matan aure. Na san halin marubutansu. Sukan kai matar har bakin ƙofa, su bar ta ta shaƙi iskar waje sau ɗaya, sai su kashe ta, ko su haukatar da ita, ko su sa ta gane ashe ƙofar ta ɗakin ajiya ce. Masana na kiran wannan gwaninta. Ni na sha gaya wa matan da muke karatu tare a laburare cewa tsoro ne kawai sanye da hular zuwa coci. To ga wani ya bar matar ta fita lafiya lau, kuma shi ne na kasa yarda da shi. Ban san me nake so ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe 7 na safe

Vern yana shafa wa burodi man shanu, ya ce, "Glen, maganar da likitan nan…" Na ce ai na sani, gishiri zai ce ka rage, na riga na rage. Ya dubi burodin ya daɗe. Ya ce haka ne.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 12 na rana

Na samu kuskure, kuma na ji daɗi fiye da yadda ya kamata.

Labarin ya ce jadawalin da ke cikin akwatin ya nuna mota na tashi ƙarfe bakwai da minti arba'in. Nawa shida da kwata ya ce. Na haddace shi kamar addu'ar cin abinci. Ke nan marubucin bai ga cikin akwatin ba sosai, ko kuwa bai gan shi ba sam. Wataƙila a kowace rumfa a yankin nan akwai akwati. Wataƙila dukkanmu muna hawa tsani ranar Juma'a, kowacce tana ganin ita kaɗai ce.

Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin lokacin, na rubuta a gefe: a bincika.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 11 na safe

Na bincika.

Vern na can wajen shingen arewa. Na hau. Makullin akwatin ya buɗe ba ko ƙara, wani ya sa masa mai. Warin kafur sabo ya buge ni, ni kuwa rabona da sa kafur tun ranar farko. Takalmin an goge shi, an cusa masa jarida don kada ya lanƙwashe. Jaridar ta watan Maris ɗin bana ce.

Jadawalin ma na bana ne. Bakwai da minti arba'in.

Wasiƙar na nan yadda na ninke ta. Ko an karanta, ko ba a karanta ba, ban sani ba.

Laraba, ƙarfe 4 na yamma

Na ƙona miya. Ban taɓa ƙona miya ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, ƙarfe 2 na rana

Na shiga gari wurin Noelene, a ofishin dillalin dabbobi inda take akawu. Tana cin burodi da nama a kan takardun mutane.

"Matar yaya, yau wace iska ta kaɗo ki? Ko yayan nawa ya yi magana ne kin zo ki sanar da gari?"

Na ajiye lamba goma sha huɗu a gabanta. Na ce, "Ke kika rubuta?"

"Ni? Ni da ko katin Kirsimeti sai na kwafi na bara?"

"Noelene."

Ta goge hannu a siket. "Bugawa kawai na yi. Da fensir aka kawo mini shi, a bayan takardun maganin tsutsar tumaki, sai da na ari tabarau na ɗora a kan nawa. Sau biyu ana dawowa a canza ƙarshen. Na ce in aka sake dawowa zan buga shi a goshin mai shi."

"Wa ya kawo?"

"Na yi rantsuwa. Kuma ke da littattafanki suka fi tumakinku yawa, ni za ki tambaya?"

Na ɗauki takarduna. Ina bakin ƙofa ta ce, "Kin dai fara haɗa masa kayan talatin ga wata ko? Asibitin Adelaide da sanyi, ki sa masa safa mai kauri."

Na ce me ke faruwa talatin ga wata.

Ta ajiye burodin. Ta dube ni kamar yadda take duban manomin da ya zo da ƙidayar tumaki ta ƙarya. "Glenys, ku biyu a gidan nan, ban da shan shayi me kuke yi da bakinku?"

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Bai ce ba. Ban ce ba. Mun yi maganar ruwa.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe 4 na yamma

Ina ta ƙoƙarin in sa wa abin da nake ji suna, kamar yadda ake sa wa labari kai. Na farko da ya zo fushi ne. Wuri ɗaya nake da shi a duniya wanda ba na kowa ba, faɗinsa bai fi na tabarma ba, ashe shekara da shekaru ana share mini shi. Ina zaune can sama ina jin ni wata ce, alhali kuwa kamar tunkiyar da aka bar wa ƙofar garke a buɗe nake, ana leƙenta daga nesa.

Sai kuma in tuna jaridar da ke cikin takalmin. An murɗa ta a hankali, an tura har can wajen yatsu. Da waɗannan hannayen nasa masu kama da tushen itace.

Sai fushin ya dawo. Sai ya tafi.

Me ya sa bai gaya mini maganar asibiti ba?

Na koma baya na karanta abin da na rubuta ranar shida da ranar sha uku ga wata. Na rufe littafin.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

Gobe Beryl za ta zo karɓar sakamako. Bari in shimfiɗa shi a fili.

In na ba lamba tara, ba wanda zai ce uffan. Za a karanta labarin kare, mata su share hawaye, ambulan ta goma sha huɗu ta shiga wuta da sauran. Ni kaɗai zan san na yi ƙarya. Shekara tara a jarida da goma sha biyu a nan, ban taɓa sa abu a sama ba don ya fi mini sauƙi.

In na ba goma sha huɗu, Beryl za ta kira sunan a lasifika, sannan ta karanta shafi biyar ɗin da muryar nan tata ta sanar da jana'iza. Mutum ɗari uku za su ji akwati, su ji shuɗiyar riga, su juyo su dube ni. A garin nan har yau ana maganar matar da ta sa wando zuwa coci a 1968.

Na sake karanta su biyun gefe da gefe, ina neman inda tara ya fi. Na nema da gaske.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 3 na rana

Na ba Beryl takardar. Ta ce, "Kin rame, Glenys. Ko labaran ne suka yi muni haka?" Na ce a'a, ɗaya ne ya yi kyau.

Juma'a, 24 ga Oktoba, ƙarfe 10 na safe

Na hau. Na zauna. Minti biyu na kasa. Ba wurina ba ne kuma.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe 6 na yamma

Zan rubuta shi a jere, yadda aka koya mini.

Ƙarfe biyu aka taru a zauren gari, bayan an gama rabon kyautar kek da ta ulu. Zafi, ƙuda, warin albasa daga wurin gashi. Ina kan dandamali kusa da Beryl. Vern na can baya jikin bango, da rigarsa ta coci, wuyan ya yi masa yawa. Yaushe wuyan ya yi masa yawa?

Beryl ta ce lamba goma sha huɗu. Ta yanka ambulan da wuƙar kek. Ta karanta a zuci. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi bayan zaure, ta ninke takardar ta sa a jaka.

"Jama'a, a yi haƙuri," in ji ta. "Doka ta bakwai. Iyalin alƙaliya ba sa shiga gasa. Wannan labari ya fita, ba za a karanta shi ba. Na biyu ya zama na ɗaya. Lamba tara."

Sai mutane suka fara juyawa. Iyalina a garin nan mutum ɗaya ne. Tsoho Clarrie Nitschke ya ɗaga murya daga wajen ƙofa: "Vern, kai ne marubucin? Tumakin ne suka taya ka, ko kai ka taya su?" Aka bushe da dariya. Vern ya taɓa bakin hularsa. Lamba tara kuwa ashe matar fasto ce. Ta yi kuka tun kafin a kai wurin da karen ya mutu.

Ban san da wata doka ta bakwai ba.

Na same shi a wurin a-kori-kura, yana zuba wa kare ruwa. Na ce, "Ka san da dokar?"

"Na sani. Tana cikin takardar Beryl. Ke kofi kike ɗora mata."

"To don me?"

Ya yi shiru. Amsoshi uku suka zo mini baki, na danne su da haƙori. Ban san shirun Vern yana da ƙarshe ba sai yau.

"Shekara talatin da ɗaya," in ji shi, "in na fara magana ke kike ƙarasa mini. Yawanci daidai kike yi, shi ya sa na bari. Amma na lura in abu ya zo miki da lamba ba suna, sai kin kai ƙarshensa."

Na ce tun yaushe ya san da akwatin.

"Shekara ta biyu. Rufin ya yi yoyo, na hau gyara. Na matsar da shi daga inda ruwa ke zuba." Ya juye sauran ruwan a ƙasa. "Sau huɗu suna canza lokacin motar nan. Na ce kada ranar da kika tashi ki je ki yi ta tsayuwa cikin sanyi."

Na ce masa ƙarshen labarin ƙarya ne, ba wanda ke rufe ƙofa haka.

"Ba shi na fi so ba. Akwai wasu biyu, Noelene ta gani. Amma shi ya kamata ki samu kafin Alhamis, ranar shiga asibitin." Ya gaya mini abin da likita ya ce, da kalmomin likitan, ɗaya bayan ɗaya. Ba zan rubuta su a nan ba. "In kin zauna bayan Alhamis, Glen, ba zan san ko don ni ba ne ko don ciwon. Ke ma ba za ki sani ba. Shi ya sa na ce ki duba ƙofar tun tana buɗe."

Na ce waƙafinsa duk a karkace suke. Abin da ya fito ke nan. Ya ce ya sani, ai shi ya sa ya auri mai gyara.

Lahadi, 26 ga Oktoba, ƙarfe 1 na rana

Ban je coci ba. Saura kwana huɗu.

Talata, 28 ga Oktoba, ƙarfe 5 na yamma

Na gwada shuɗiyar rigar. Ba ta wuce kafaɗa ba. Na tsaya a rumfar aski hannuwana a sama, kaina a cikin riga, ban san ko dariya nake ba.

Shekara goma sha ɗaya ina ganin tsare ni aka yi. Yanzu an ce ga hanya, har da mai a makulli, sai na rasa wa zan yi wa fushi. In na tafi, da izininsa na tafi. In na zauna, me na zauna yi? Duk littattafan kantar nan ba wanda ya kai nan. A bakin ƙofa suke tsayawa.

Akwati ɗaya ne mai kyau a gidan, Kerrin ta kwashe sauran. Na sauko da shi.

Alhamis, 30 ga Oktoba, ƙarfe 9 na safe, a cikin mota

Rubutun zai karkace, hanya ba kyau.

Na sa kayan barcinsa da safa mai kauri a saman rigar da takalmin. Ban cire nawa ba. Ya gani, bai tambaya ba.

A bakin shinge ni na sauka na buɗe ƙofa, ya wuce da a-kori-kura, na mayar na rufe. Sai da na sa sarƙar na tuna ƙarshen labarin. Na dube shi ta madubi, yana kallon gaba, amma kunnuwansa sun yi ja.

Dulcie mai sayar da tikiti a garejin gari ta ce, "Zuwa da dawowa, ko zuwa kaɗai?"

Vern ya ce nasa zuwa kaɗai, ba su faɗa masa ranar sallama ba. Sannan ya juya ya tsaya karanta wata sanarwar maganin ƙuda a bango, kamar za a yi masa jarrabawa a kai.

Dulcie ta ce, "Ke fa, Glenys?"

Na ce zuwa da dawowa. Ban shirya faɗa ba, haka ya fito. Ta ce yana aiki har wata uku, duk ranar da na ga dama. Na sa shi a aljihun akwatin, inda jadawalin yake.

Motar ta tashi bakwai da minti arba'in daidai. Mun wuce rumbunan alkama. Yanzu ya juyo, ya ce, "Glen, dama ina so in ce…"

Bari in ajiye biro.